Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Zongon Kumasi kan Takardun Mazan Jiya da ke Ruɓewa a Adakokinmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi, da sarakunan ƙabilu na majalisarsa, da limamanmu na Juma'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, Allah ya gafarta malamai.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu wasu 'ya'yanku ne masu aikin adana tsofaffin takardu da koyar da tarihi a nan Kumasi. Abin da ya sa muka rubuto shi ne takardun soja na iyaye da kakanni waɗanda ke kwance cikin adakoki a Aboabo, Asawase, Sabon Zongo, Yalwa, Moshi Zongo, Tafo da sauran unguwanninmu: takardar ɗaukar kurtu, littafin albashi, takardar sallama, katin fansho, hotuna da mindodi. Roƙonmu shi ne majalisa ta ɗauki nauyin ɗaukar hotonsu, ta shigar da su rajista guda, ta kuma sa a koya wa masu su yadda za su ajiye na asali. Kowa zai koma gida da takardarsa a ranar da ya kawo ta. Mun sa wannan a farko saboda shi ne sharaɗin da zai sa mutane su fito da abin da ke hannunsu.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin yadda tarihin zongo ya haɗe da na bariki. Turawan Ingila sun zo da sojojin Hausawa na Kyaftin Glover daga Legas a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ta kanta, a 1901 ta koma cikin babbar rundunar Afirka ta Yamma. Mutanenta sun yi yaƙi a Togo a 1914, sun je Kamaru da Gabashin Afirka. A yaƙin Hitila sun je Habasha, sannan Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82. Barikin Uaddara na nan Kumasi, da na Kamina a Tamale, da Burma Camp a Accra, duk daga filayen dagar nan suka samo sunayensu. Kuma a wancan zamani da Hausa ake magana a bariki, ko da sojan Bamoshe ne ko Bagurunshe.

Amma waɗanda suka fi damunmu su ne takardun yaƙin basasar Najeriya, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Ojukwu. Bayan sulhun da Janar Ankrah, shugaban Ghana na lokacin, ya shirya a Aburi ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 ya wargaje, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Cikin wata talatin sojan Najeriya ya tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000. An ɗebi kurata a gaggauce, an gajarta horo, an kira tsofaffin sojan yaƙin duniya su dawo. Hafsoshi sun rubuta littattafai, sunayen su Shuwa da Murtala da Adekunle da Obasanjo ba za su ɓace ba. Shi kuwa yaron da ya baro gona ko kasuwa ya dangwala yatsa, sau da yawa wannan takarda guda ita kaɗai ce shaidar cewa ya je.

Takardun nan sun biyo mutane zuwa Kumasi ta hanyar aure, da fataucin goro da shanu, da rabon gado, da kuma kai-komon da aka yi bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969 da korar da Najeriya ta yi a 1983. A nan matsalar take. Gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwa a Adum tarihin sojan Ghana ne aikinsa. Hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, takardun hukumomin Ghana ne nauyinta. Takardar sojan Najeriya da ke ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Aboabo ba ta cikin aikin kowa. Idan sarakunan zongo ba su tsaya mata ba, babu mai tsaya mata.

Ga wanda bai taɓa karanta irin wannan takarda ba, yawanci tana ɗauke da suna, da garin haihuwa, da ƙabila, da addini, da sana'ar mutum kafin soja, da tsawonsa, da tabo ko zanen fuska, da sunan magajinsa, da rana da wurin da aka ɗauke shi, da dangwalen yatsa, da lambarsa. Gida nawa ne a zongo yau suke cewa "kakanmu daga Arewa ya zo" ba su san garin ba? Amsar tana iya kasancewa a layi na uku na wannan takarda.

Sai dai kada a dogara da suna. Akawun bariki yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa gari ko ƙabila: wane Kano, wane Moshi, wane Dagarti, wane Fulani. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya yi harbi a yaƙin duniya na farko, da sunan ƙabila aka san shi. A runduna ɗaya ana iya samun mutum da yawa masu suna iri guda, wasu ma da sunan aro suka shiga don kada iyaye su gano su. Lamba ita ce ba ta canzawa. A yaƙin duniya na biyu lambar ɗan Gwalkwas tana farawa da GC, ta ɗan Najeriya da NA. Sojan da aka ɗauka a lokacin yaƙin basasa lambarsa tana farawa da 63NA. Saboda haka a jera rajistarmu bisa lamba, a kwafe ta daidai harafi da harafi, mutum biyu su karanta ta da ƙarfi kafin a wuce. Kuskuren adadi ɗaya ya isa ya ba wani gida kakan wani.

Yanzu ga abin da ke kashe takardun, kuma mafi yawansa da kyakkyawar niyya ake yi.

Na gaba da komai shi ne laminetin. Ɗa mai son mahaifinsa zai ɗauki takardar sallama ya kai shagon hoto a liƙe ta cikin roba don ta daɗe. Injin yana amfani da zafi da gam. Gam ɗin yana shiga cikin zaren takarda, zafin yana iya dusar da tawada, duk laimar da ke jikinta kuma an rufe ta a ciki. Bayan shekaru robar ta yi rawaya, gefe ya buɗe, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Babu yadda za a ɓare ta a gida ba tare da rubutun ya bi robar ba. Haka kuma an toshe hanyar tantancewa, domin ba a iya taɓa takardar, ba a iya jin tudun hatimin da aka danna, ba a iya duba alamar ruwa, wato tambarin da ke cikin jikin takarda wanda ake gani idan an ɗaga ta ga haske, da kyau. Wadda aka riga aka liƙe a bar ta yadda take, a ɗauki hotonta. Wadda ba a liƙe ba, muna roƙon limamai su faɗa a kan mumbari: kada a kai ta. A yi fotokwafi a liƙe kwafin, shi za a riƙa nuna wa baƙi.

Salatif ma haka yake, gam ɗinsa yana barin tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Idan takarda ta yage a jera guntayen cikin ninkin farar takarda a bar su haka. Ƙusar sitefula da kilif da allura suna tsatsa su ci rami. A cire su a hankali: a miƙe ƙafafun ƙusar ta baya tukuna, sannan a zare. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Baƙar leda tana tara gumi, musamman a ɗakin kwano da ke zafi da rana ya yi sanyi da asuba.

Kumasi gari ne mai damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Da zarar laimar iska ta wuce kashi 65 cikin ɗari na kwanaki, fumfuna ta samu wurin zama. Adaka da ke ƙasan siminti jingine da bangon waje ita ce ta fi shan wahala, gara kuma ta nan take hawa. A ɗaga ta aƙalla santimita 15 daga ƙasa, a janye ta taƙi ɗaya daga bango, a nisanta ta da taga da wurin da rufi ke yoyo da madafa. A buɗe ta sau biyu a shekara, bayan kowace damina, a duba. Idan an ga fumfuna busasshiya kamar gari, a fita da takardar waje a inuwa, a sa takunkumi, a share da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Idan fumfunar tana da danshi kada a goge, domin gogewa tura ta ciki take yi. A bari ta bushe tukuna.

Idan ruwa ya ci ɗaki, kwana biyu ake da su kafin fumfuna ta tashi. A shimfiɗa takardun ɗaya-ɗaya a kan farin ƙyalle ko takarda mai shan ruwa, a kunna fanka ta kaɗa iskar ɗakin ba tare da ta hura su kai tsaye ba, a riƙa canza shimfiɗar. Kada a shanya a rana, kada a sa dutsen guga. Tawadar hatimi da ta fensirin nan mai komawa shuɗi idan ya jiƙe suna zuba nan take, don haka ba a dangwala musu ƙyalle. Littafin da shafukansa suka manne a bar shi a rufe a kawo wa masu aikin. Hoton da ya manne da gilashin firam ma kada a ja shi, a ɗauki hotonsa ta cikin gilashin.

Kafur yana korar wasu ƙwari amma ba ya kashe ƙwansu, fesa maganin sauro kuma yana ɓata takarda. Hanyar da gidajen tarihi ke bi ita ce sanyi. A sa busasshiyar takarda cikin leda mai zif guda biyu, a matse iska, a sa a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu. Idan an fitar a bar ta cikin ledar yini guda kafin a buɗe, don raɓa ta taru a bayan leda. Wannan sai inda ake da janareta ko sola. Idan dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya sa firiza ta narke ta sake daskarewa, gara a ce ba a fara ba.

Game da ranar tattarawa, ga yadda muke ganin za ta yiwu. Unguwa ɗaya a yini ɗaya, a makarantar Islamiyya ko farfajiyar masallaci, daga hantsi zuwa azahar lokacin da haske ke da kyau a inuwa. Mutum huɗu ne a tebur. Na farko ya karɓa ya ba kowane gida lamba, ya ƙirga takardun a gaban mai su. Na biyu ya share ya buɗe ninki da hannu wankakke busasshe. Ba a buƙatar safar hannu ga takarda, domin tana hana jin inda za ta yage, sai dai ga hotuna da mindodi. Na uku ya ɗauki hoto. Na huɗu ya zauna da mai takardar ya naɗi muryarsa: wane ne wannan soja, da wane suna aka san shi a gida, ina ya rasu, yaya takardar ta zo Kumasi. Lallai a sa mace a wannan kujera ko kusa da ita, saboda makullin adaka yawanci yana hannun iyayenmu mata, kuma su ne suka riƙe labarin. Kada a ɗaukar wa tebur ɗaya fiye da gida goma sha biyu a yini. Gaggawa ce ke yaga takarda.

A teburin nan fensir kawai ake riƙewa, babu biro, babu ruwan sha, babu shayi. Takardar da ta daɗe a ninke, musamman cikin hunturu lokacin da ta bushe ƙayau, ba a tilasta mata. Idan ta ƙi buɗuwa a ɗauki abin da ya samu a rubuta cewa akwai saura.

Waya mai kyamarar megafiksel 12 ta isa, in dai an kafa ta a kan maɗauki tana kallon ƙasa daidai, takardar ta cika fuskar hoton, an kashe filasha, an ajiye rula a gefe. Wannan yana ba da kusan ɗigo 300 a kowane inci ga takarda mai girman A4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake so. Ƙananan hotuna da katuna a yi musu ɗigo 600 a sikana mai shimfiɗa. Sikana mai jan takarda da kanta kada ta kusanci wurin. A ɗauki gaba da baya, da bangon littafi, da shafukan da babu komai, da ambulan. Sau da yawa a bayan takarda ne soja ya rubuta sunan garinsu da ajami, ko ranar haihuwar 'ya'yansa, kuma wannan yakan fi abin da akawu ya rubuta gaskiya. Sunan kowane fayil ya ƙunshi unguwa, lambar gida, lambar soja da lambar shafi. Kada a tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse su har ƙananan rubutu ya dushe. Shafi ɗaya a tsarin TIFF, wato fayil ɗin hoto da ba a matse ba, yana cin kimanin megabait 25, wato faifan ajiya na terabait ɗaya zai ɗauki shafi kusan 40,000. A sayi faifai biyu, ɗaya a fadar Sarki, ɗaya a wani gini daban, kwafi na uku kuma a intanet.

Kafin mai takarda ya tashi, a sa kowace takarda cikin ninkin farar takarda marar asid. In ba a samu ba, sabuwar farar takardar fotokwafi ta fi jarida da ambulan ruwan ƙasa nesa ba kusa ba, sai dai a riƙa canza ta duk shekara biyu. Aljihun roba na foliyesta yana da kyau. Na PVC mai warin sabon takalmin roba ba shi da kyau, yana manne wa tawada.

Mindodi kada a goge su da man goge tagulla ko toka, kada a canza musu ƙyalle, kada magada su raba su ɗaya-ɗaya. Na yaƙin duniya na farko suna da lamba da suna da runduna a gefe ko a baya, gogewa kuma cinye rubutun take yi. Da wannan lamba ana iya neman katin mutum a ma'ajiyar takardun Ingila da ke unguwar Kew a Landan ta intanet. Na yaƙin duniya na biyu, irin su tauraron Bama da na Afirka, yawanci babu suna a jikinsu. Idan aka raba su da takardar sallama sun zama ƙarfe kawai, babu mai iya cewa na wane ne.

Wannan ne ma ya sa 'yan saye suke son takarda da minda da hoto a haɗe. Tsofaffin kayan soja suna da kasuwa a ƙasashen waje, kuma abin da ake ba tsohuwa a zaure bai kai kusa da abin da ake sayar da su a can ba. Ba mu da ikon hana mai abu sayar da abinsa, talauci kuma gaskiya ne. Muna roƙo dai a yi shela cewa duk mai niyyar sayarwa ya bari a ɗauki hoto tukuna.

Inda akwai kasuwa akwai jabu, akwai kuma kwafin da aka sake bayarwa daga baya wanda iyali suka ɗauka na asali ne. Masu rajista su riƙe 'yan alamu. Naira ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 1973, don haka albashin lokacin yaƙin basasa da fam da sule da kwabo aka rubuta shi. An ƙirƙiri jihohi goma sha biyu ranar 27 ga Mayu 1967, cikinsu akwai jihar Kano, amma sunan jihar Kaduna da jihar Sakkwato sai a 1976, saboda haka takardar da ke ɗauke da su ba a 1968 aka cike ta ba. A Ghana kuɗin sidi ya zo a 1965. Biro a kan takardar 1916 ƙari ne na baya. Tafireta tana barin ɗan rami da ake ji ta bayan takarda, injin buga takarda na yau ba ya bari. Ko an ga irin wannan kada a kunyata mai ita a gaban jama'a, a rubuta abin da aka gani a rajista kawai.

Ranku ya daɗe, akwai maganar da sai ku ne za ku iya warware ta. Mutanenmu ba su manta 1969 ba, kuma har yau ɗan zongo yana shan tambaya kan asalinsa a wajen neman katin ɗan ƙasa ko fasfo. Wanda takardar kakansa ta ce an haife shi a Katsina ko Wagadugu yana da dalilin ɓoye ta. Saboda haka kowane gida ya sa hannu a takardar yarda wadda aka rubuta da Hausa aka karanta masa, ya zaɓi ɗaya cikin uku: a nuna wa kowa, ko a nuna wa masu bincike kawai da izinin majalisa, ko a rufe har shekarun da ya ƙayyade. Shafukan asibiti da na horon laifi a rufe su tun farko. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012 tana bayanmu a kan wannan. Majalisa ta faɗa da bakinta cewa rajistar ba ta kowace hukumar tantance ɗan ƙasa ba ce, kuma ta cika alkawarin.

Haka nan yaƙin basasa yaƙi ne na 'yan uwa. An kashe Ibo a garuruwan Arewa a 1966, an kashe fararen hula a Asaba a Oktoba 1967, yunwa ta kashe yara ba adadi a Biyafara. Muna zaune da Ibo a garin nan, muna ciniki tare a Kejetia da Suame. Idan ɗayansu ya zo da takardar mahaifinsa ta ɓangaren Biyafara, a karɓe ta da mutunci ɗaya a shigar da ita rajista ɗaya. Tarin da ya ɗauki ɓangare guda ba zai amfani ɗalibin tarihi ba, kuma zai iya tada abin da ya kwanta.

Abin da muke nema daga majalisa bai fi ƙarfinta ba. A naɗa kwamiti ƙarami mai wakili daga kowace ƙabila, da mata aƙalla biyu. A ba da ɗaki guda marar yoyo da kabad na ƙarfe mai makulli. A rubuta wa gidan tarihin soja na Adum, da ofishin PRAAD na Kumasi, da hukumar tsofaffin sojojin Ghana, a nemi su turo ma'aikaci ya horar da matasa takwas, tebur biyu ke nan. Don takardun Najeriya a tuntuɓi Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kaduna, a ba su kwafin abin da masu shi suka yarda a bayar. Kuɗin sikana da faifai da takardu a nema daga Asusun Raya Zongo da attajiranmu. Limamai su yi shelar farko a Juma'ar da ke kusa da 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da mazan jiya, aiki ya fara a Disamba idan ruwa ya ɗauke. A fara da gidajen da tsohon soja ko matarsa ke raye, domin wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1968 yanzu ya haura saba'in da biyar. A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu, mu nuna yadda teburin zai kasance a gaban majalisa.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya jiƙan mazan jiya.

Wassalam,
'Ya'yanku masu aikin adana takardu da koyar da tarihi, Kumasi.